Numfashin Huib

A Naaldwijk, inda gilashi ya rufe gonaki
har ƙasa ta manta ɗanɗanon ruwan sama,
mahaifina Huib ya shekara arba'in da ɗaya
yana ɗaure tumatir da igiya.
Yanzu huhunsa ya gaji.
Taku goma, sai ya dafa ƙarfe,
yana jiran ƙirjinsa ya ba shi izinin wucewa.

Akwai bututun da ke taso mana daga matatar man Rotterdam
ɗauke da iskar kabon,
da kuɗi muke saye mu shayar da shuka.
Shi kuwa sai ya sunkuya ya huci kan ganye,
ya ce, "Tawa kyauta ce, Leentje,
ba ta bukatar aunawa."

Na bi hucin nan da idon zuci.

Da fari akwai wata malalaciyar iska
kwance a fatar ganye, tsakanin gashi da gashi,
sai an kutsa ta.
Ba mai tura baƙuwa, ba mai jan ta.
Daga cunkoso take tuntuɓe zuwa inda babu kowa,
gaba, baya, gefe,
tafiyar makaho ba sanda, amma tana isowa.

Ƙofar tana ƙasan ganye.
Na gan ta a madubin makaranta ina 'yar sha biyu:
leɓɓa biyu, kamar ƙwayar wake biyu sun haɗa kai.
In sun sha ruwa su kumbura su wage,
in ƙishi ya zo su tsuke.
Cinikin kuwa na faɗuwa ne,
ɗaya ta shiga, ruwa ɗari-ɗari ya fice.
Ganye ya san haka.
Gari na wayewa yana buɗewa.

Ciki zaure ne bayan zaure,
lunguna masu laima kamar cikin soso.
Nan kam ba wuya,
kafin ƙiftawar ido an gama ratsawa.

Sai bango, jiƙaƙƙe.
A nan iska ke tuɓe sunanta ta narke.
Abin da ya rage na hanya
in ka tsaga gashi gida ɗari, bai fi tsagi ɗaya ba,
amma ƙafar da ke gudu a sarari
sau dubu goma take nauyi a ruwa.
Baba ya san wannan ba da littafi ba.
Daga nan zuwa Rotterdam rabin awa ne a mota.
Daga gadonsa zuwa taga
yini yake yi yana shiryawa.

Korayen ɗakuna sun jeru, sun manne da bango
kamar masu tarbar baƙo a bakin tasha,
don su rage mata nisa.
Fata ɗaya, wata fatar, sannan wata.
Can ƙurya wani tsohon ma'aikaci na zaune,
mai nawa, uku yake kamawa a daƙiƙa,
wani sa'in ma ya cafki oksijin bisa kuskure
a sha wahalar kwancewa.
Ba a taɓa sallamarsa ba.
Haske ne ke biyan lada,
shi nasa riƙewa ne da ƙullawa.

Daga ƙulli sai sukari,
daga sukari sai gangara ta jijiya
zuwa wani ɗan kore da bai kai gujiya ba,
a layi na sha bakwai, kusa da famfo mai ɗiga.

Mako takwas.
Yau Baba na asibitin Delft, siririn bututu a hanci,
ana ba shi irin iskar da ganye ke zubarwa.
Na tsinko ja guda daga layin nan,
na yanka da wuƙarsa ta aljihu,
na ce, "Ci, numfashinka ne ya dawo."

Ya tauna a hankali.
Ya huta. Ya sake taunawa.
Ya ce, "Gishiri ya yi kaɗan."